Madugu Mai Gashin Baki, Bakanon da ya je Balin

Duk sanda nake kiran suna a aji na ci karo da wani Madugu ko Wanzam, nakan tambayi yaron ko ya san sana'ar da ke cikin sunansa. Yawanci sai ya yi zuru. Ba mu kaɗai ba ne: a Rasha ma Kuznetsov na nufin ɗan maƙeri, Melnikov ɗan mai niƙa, alhali jikokin sun daɗe da barin maƙera da dutsen niƙa.

Shi kuwa Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, da ƙafarsa ya samo sunan. Bakano ne, falke a ƙarni na 19. Madugu shi ne uban tafiya: shi ke zaɓen zango, shi ke sasantawa da sarakuna kan kuɗin fito, in 'yan fashi suka tare ayari kuma shi kowa ke kallo. Hauren giwa ne ya riƙa kawo shi nan Adamawa, kasuwar da, mu faɗi gaskiya, har bayi ake saye da sayarwa a cikinta.

A 1882 ya yi wa Bajamushe Eduard Robert Flegel jagora. Shi Flegel ɗin a Vilna aka haife shi, ƙarƙashin daular Rasha, sunansa ma sandar sussuka yake nufi da Jamusanci. Suka bi ta Yola har Ngaundere, Flegel ya kai mafarin kogin Binuwai. Littattafanmu na makaranta Bature suke yabo, amma wa ya san hanyar?

A 1884 Flegel ya tafi da shi Jamus tare da Madugu Ɗan Tambari, shekarar da Turawa suka zauna a Balin kan rabon Afirka. Flegel ya mutu a Brass a 1886. Jamusawa suka ci Garwa a 1901, Maruwa a 1902. Wani zai ce ai madugun ne ya nuna musu ƙofa. Ni dai ban ga laifinsa ba; baƙo aka ba shi, ya kai shi ya dawo da shi lafiya, aikin madugu ke nan.

Flegel ya buga labarin abokan tafiyarsa Hausawa a Hamburg a 1885, sai a 1984 tarihin madugun ya fito da Ingilishi.