Cyprian Ekwensi: Rayuwarsa da Dabarunsa na Rubuta wa Samari Labaran Bin Diddigi

Gabatarwa

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin ganin sunan Cyprian Ekwensi a inda ake zancen adabin Hausa, domin kuwa mutumin nan ɗan ƙabilar Ibo ne, kuma da Turanci ya yi rubuce-rubucensa. Amma duk wanda ya karanta littattafan da ya rubuta wa samari 'yan makaranta zai tarar da cewa mafiya shahara daga cikinsu a ƙasar Arewa aka gina su, mutanen cikinsu kuma Hausawa ne da Fulani. Har wa yau ɗaya daga cikin littattafan ya jawo gardama mai tsawo tsakanin manazarta saboda kamar da ya yi da wani littafin Hausa. Don haka ya kamata ɗalibin Hausa ya san tarihinsa, ya kuma san yadda yake ƙulla labarin bin diddigi, wato irin labarin da ake ɓoye wata gaskiya a cikinsa, a bar mai karatu yana ɗoki, sai a ƙarshe a warware masa.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Cyprian Odiatu Duaka Ekwensi a Minna ran 26 ga Satumba, 1921. Asalin iyayensa mutanen Nkwelle Ezunaka ne, a cikin Jihar Anambra ta yanzu. Mahaifinsa, David Anadumaka, maharbin giwa ne, kuma gwanin ba da labari. Da haka yaron ya tashi da abubuwa biyu a kunnensa, labaran daji na mahaifinsa da kuma harshen Hausa da ake yi a kewayensa.

Ya fara karatu a makarantar gwamnati ta Jos, daga nan ya wuce Kwalejin Gwamnati ta Badun, sa'an nan Kwalejin Achimota a ƙasar Gana ta yanzu. A Badun ne ya shaƙu da littattafan Turawa masu ban ɗoki, irin na Rider Haggard da Edgar Wallace, waɗanda tasirinsu bai rabu da alƙalaminsa ba har ƙarshen rayuwarsa. Bayan haka ya koyi aikin gandun daji, ya kuma yi aikin malamin daji daga 1945 zuwa 1947. Kaɗaicin daji ya ba shi sukunin fara rubuta gajerun labarai.

Aikinsa da Rubuce-rubucensa

Da ya bar aikin daji sai ya koma koyarwa a Kwalejin Igbobi ta Ikko, yana kuma karanta labaransa a gidan rediyo. Tsakanin 1947 da 1948 littattafansa biyu na farko suka fito, ɗaya tarin tatsuniyoyin Ibo, ɗayan kuwa labarin soyayya mai suna When Love Whispers, wanda aka buga a Anacha. Daga baya ya karanci ilmin haɗa magunguna a Ikko, ya ƙaro a Landan daga 1951 zuwa 1956. Yana can aka buga masa People of the City a 1954, littafin da ya fara fito da sunansa a ƙasashen waje.

Da ya komo gida bai daɗe a kan aikin magani ba, sai ya shiga gidan rediyon Nijeriya, a 1961 kuma aka naɗa shi Daraktan Watsa Labarai na Gwamnatin Tarayya. A cikin waɗannan shekaru ne alƙalaminsa ya fi zuba. A 1960 aka buga The Drummer Boy da The Passport of Mallam Ilia, a 1961 Jagua Nana, a 1962 kuma Burning Grass da An African Night's Entertainment. A 1966 ya fitar da Juju Rock da Trouble in Form Six domin 'yan makaranta, da kuma wani littafi na manya da ya raɗa wa sunan Hausa, wato Iska, labarin wata yarinya Ibo da ta tashi a Arewa ta auri ɗan Arewa.

Abin tausayi, a wannan shekara ce rikicin ƙasa ya tilasta masa barin Ikko ya koma Gabas. A lokacin yaƙin basasa ya shugabanci ofishin da ke yaɗa labaran Biyafara a ƙasashen waje. Bayan yaƙi ya ci gaba da rubutu, har da Samankwe and the Highway Robbers na 1975, labarin yaro da 'yan fashi. Ya mutu a Inugu ran 4 ga Nuwamba, 2007, yana da shekara 86.

Dabarunsa na Ƙulla Labari

Littafin da ya fi bayyana gwanintarsa shi ne The Passport of Mallam Ilia, wato fasfon Malam Iliya, wanda ya rubuta tun 1948 amma ya yi shekara 12 kafin a buga shi. Wani saurayi ne ya haɗu da wani dattijo a cikin jirgin ƙasa, dattijon ya shiga ba shi tarihinsa. Ya gaya masa yadda ya sami matarsa Zara ta hanyar cin wasan shanci, wasan nan na maza da ake yi da makami, da yadda abokin karawarsa Usuman ya ƙullace shi har ya yi sanadin mutuwarta, da yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin sawun Usuman har Makka. Sai a ƙarshe ne ta bayyana cewa saurayin nan mai sauraro ɗan Malam Iliya ne na cikinsa, wanda ya tafi ya bar uwarsa da cikinsa.

Dabara ta farko da ke nan ita ce saka labari cikin labari. Ekwensi yakan kawo mai ba da labari da mai sauraro, ya zaunar da su, mai karatu kuwa ya zama na uku a wurin hira. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce ga wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam, ko ya zauna a gaban tsohuwa da dare.

Ta biyu ita ce rowar bayani. Yakan ajiye wani abu a gaban mai karatu tun da fari, kamar fasfon nan, ya ƙi faɗin ma'anarsa sai lokaci ya yi. A labaran bin diddigi na Turawa galibi ɗan sanda ne ko wani mai bincike yake tattara shaida har ya gano mai laifi. A wannan littafi kuwa an san mai laifi tun da wuri. Abin da aka ɓoye shi ne inda za a same shi, da kuma dangantakar da ke tsakanin mutanen labarin. Wato asirin na jini ne da zumunci, abin da ya fi kusa da zuciyar yaron ƙasar nan.

Ta uku ita ce tafiya. Taurarinsa ba sa zama wuri ɗaya. A Burning Grass, Mai Sunsaye, dattijon Bafillace, ya kamu da sokugo, ciwon da ke sa mutum yawo ba ji ba gani, ya bar rugarsa ya bi duniya, kowane zango da abin da zai tarar. Ga babi gajeru, ga Turanci mai sauƙi, yadda ɗan aji ɗaya na sakandare zai iya bi ba tare da ya riƙa duba ƙamus ba.

Ta huɗu ita ce sakayya. Mugu ba ya tsira a hannunsa, amma mai ramuwa ma ba ya fita lafiya. Malam Iliya ya cim ma Usuman, sai dai ya yi hasarar iyali da ƙuruciya a kan hanya. Darasin yana cikin abin da ya auku, marubucin bai tsaya dogon wa'azi ba.

Batun Jiki Magayi

Jiki Magayi littafi ne na John Tafida da R. M. East, wanda ya fito a Zariya bayan gasar ƙaga labarai ta 1933. A cikinsa attajiri Malam Shehu, wanda bai sami haihuwa ba, ya ƙwace Zainabu daga hannun saurayinta Abubakar, shi kuwa ya shiga duniya neman asirin da zai lalatar da ɗan da za su haifa. Yaron, Kyauta, ya tashi ɓarawo, har ya kashe ubansa. Wannan labari, da sunayen mutanensa, shi ne a cikin An African Night's Entertainment, ba a kuwa ambaci Tafida ko East ba.

A 1973 Neil Skinner, masanin Hausa, ya jera littattafan biyu ya nuna yadda na Turancin yake bin na Hausar sawu da ƙafa. Masu kare Ekwensi suka ce labarin na gargajiya ne, kuma daga bakin wani tsohon malami Bahaushe ya ji shi. To, ko da an karɓi wannan hanzari, gaskiya ɗaya ta rage: ɗimbin yara a Afirka sun san Kyauta da sunan Ekwensi, kaɗan ne suka taɓa jin sunan John Tafida. Wannan hakki ne da ya rataya a wuyan manazarta Hausa su riƙa bayyanawa.

Akwai kuma wani abin lura. Manazarta irin su Bernth Lindfors sun soke shi da yawan kwaikwayon finafinan kaboyi da littattafan Turawa na nishaɗi. Lalle Arewar da ke cikin littattafansa ta fi cika da wuƙa da doki da ramuwar gayya, ba a cika ganin manomi ko ɗan kasuwa yana harkarsa ta yau da kullum ba.

Kammalawa

Duk da haka, ba a hana gwani yabonsa. Ekwensi ya gane tun da wuri cewa yaro ba ya son karatu don an ce masa karatu na da amfani, sai in labarin ya hana shi barci. Ya kuma nuna cewa ba sai an je Landan za a sami abin ƙulla irin wannan labari ba, jirgin ƙasa da rugar Fulani sun isa. Kayan aikin kuwa suna nan birjik. A Birnin Kudu kaɗai akwai zanen shanu na mutanen da a jikin Dutsen Habude da Dutsen Mesa, ga duwatsu da dazuzzuka da burtalin makiyaya har zuwa Gwaram. Wanda ya zo daga nesa ya ɗebi ruwa a rijiyar Hausa ya shayar da yaran Afirka da Turanci. Ya rage ga masu rijiyar su ɗebo wa nasu yaran da harshensu, su kuma riƙa faɗin sunan wanda ya fara haƙa ta.