Hank Williams: mawaƙin Amurka da ya rasu yana da shekara 29, waƙoƙinsa suka rayu

Idan ana zancen kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar kudancin Amurka, masu sauraren rediyo a Afirka ta Yamma sun fi sanin Jim Reeves da Don Williams. Amma wanda ya share wa marubuta irin waɗannan waƙoƙi hanya shi ne Hank Williams.

An haife shi ranar 17 ga Satumban 1923 a jihar Alabama, a gidan talakawa. Mahaifinsa direban jirgin ƙasa ne a kamfanin katako, amma rashin lafiya ta kwantar da shi a asibitin tsofaffin sojoji kusan shekara takwas. Mahaifiyarsa Lillie ce ta riƙe gidan da kuɗin saukar baƙi, shi kuma yaron yana tallan gyaɗa da goge takalma a titi.

A titin ne ya haɗu da Rufus Payne, wani baƙar fata mai kaɗa jita, wanda ake yi wa laƙabi da Tee Tot. A lokacin doka ta raba farare da baƙaƙe a Alabama, amma Payne ya koya wa yaron kiɗa, ana biyansa da abinci ko 'yan kuɗi kaɗan. Daga wurinsa Hank ya ɗauko salon bulus na baƙaƙen Amurka, ya haɗa da waƙoƙin cocin da ya tashi yana ji.

A 1937 iyalin suka koma birnin Montgomery, inda ya fara waƙa a gidan rediyon WSFA, ya kuma kafa ƙungiyar makaɗa ta Drifting Cowboys. A 1946 ya je Nashville tare da matarsa Audrey, ya gana da Fred Rose, mai kamfanin buga waƙoƙi, wanda ya zama jagoransa. Shekara guda bayan haka kamfanin MGM ya ɗauke shi. A Yunin 1949 ya hau dandalin Grand Ole Opry, shirin rediyon da duk mawaƙin kantiri ke burin shiga.

Hank bai iya karanta rubutun kiɗa ba. Ƙarfinsa yana cikin kalmomin yau da kullum da yake zubawa kan kaɗaici, cin amana da tuba, yadda manomi da lebura za su ji kamar da su ake. Waƙarsa "Cold, Cold Heart" ta fita daga karkara lokacin da Tony Bennett ya rera ta a 1951 ta zo ta ɗaya a Amurka. A 1962 Ray Charles ma ya rera "Your Cheatin' Heart".

Sai dai yana fama da ciwon baya da aka haife shi da shi, kuma tun yana matashi ya fara shan barasa. A ƙarshen 1951 ya faɗi wajen farauta, aka yi masa tiyata, ciwon bai lafa ba. Ya koma haɗa barasa da magungunan kashe zafi, wani likitan bogi kuma yana rubuta masa su. A 1952 aurensa da Audrey ya mutu, a watan Agusta kuma aka kore shi daga Grand Ole Opry saboda maye da rashin zuwa aiki.

Ranar 1 ga Janairun 1953, ana kan hanyar kai shi wasa a Canton ta jihar Ohio, direbansa ya tarar ya cika a kujerar bayan mota a garin Oak Hill na West Virginia. Zuciyarsa ce ta tsaya. Dubban mutane suka halarci jana'izarsa a Montgomery.

A 1961 yana cikin mutum uku na farko da aka sa a zauren karrama gwanayen kiɗan kantiri, a 2010 kuma hukumar kyautar Pulitzer ta ba shi lambar yabo ta musamman kan rubutun waƙa. Rufus Payne kuwa ya rasu cikin talauci a 1939, kafin ɗalibinsa ya yi suna, aka binne shi a kabarin da babu alama. Hank da kansa ya shaida cewa shi kaɗai ne malamin kiɗan da ya taɓa yi.