Marigayi Shaihun Malami Abdullahi Smith

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, yau ina so in ba ku labarin kakana a wajen ilmi. Na ce kaka domin malamin da ya koya mini tarihi a nan Jos almajirinsa ne a Zariya, kuma da wuya mako ya wuce bai ambace shi ya yi masa addu'a ba.

An haife shi a Ingila cikin 1920, sunansa na yanka Henry Frederick Charles Smith. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya yi aikin koyarwa a Sudan, sa'an nan ya zo Kwalejin Jami'a ta Badun cikin 1955. A zamanin nan abin da a ke kira tarihin Afirka yawancinsa labarin tafiye-tafiyen Turawa ne. Shi kuwa da ya duba sai ya ga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da Malam Abdullahi da Sarkin Musulmi Bello sun bar littattafai masu yawa, ga wasiƙun sarakuna jibge, amma jami'a ba ta kula da su ba. Cikin 1961 ya rubuta maƙala ya jawo hankalin masana ga jihadin ƙarni na 19. Ɗalibinsa Murray Last ya tafi Sakkwato ya zauna da takardun gidan Waziri Junaidu, har littafinsa a kan Daular Usmaniyya ya fito cikin 1967.

Sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962, shi ne ya kafa Sashen Tarihi. Ya musulunta cikin 1967, ya ɗauki suna Abdullahi. Cikin 1970 kuma aka mai da gidan marigayi Sardauna na Kaduna wurin binciken tarihi, watau Gidan Arewa, ya zama shugabansa na fari.

Abin da ya fi ratsa ni cikin aikinsa shi ne maganar asalin sarautun Hausa. Mu duka mun tashi da labarin Bayajida da macijin rijiyar Kusugu. Malam Abdullahi ya nuna cewa zuwan baƙo guda ba ya isa ya bayyana kafuwar ƙasa. A ganinsa manoma ne suka fara zama ƙauye, ƙauye ya zama gari, gari mai kasuwa da maƙera da ganuwa ya zama birni, sa'an nan sarki ya tsaya bisa masu gari. Ya ba da misali da duwatsu irin su Dala da Kufena, waɗanda tama ko ruwa ko bautar iskoki suka tara wa jama'a. Ran da malaminmu ya karanta mana wannan, sai da aji ya kaure da gardama. Bai tsawata mana ba, sai ya bukaci kowa ya kawo hujjarsa. Daga baya ya kai mu Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe cikin 1952, muka ga kawunan yumɓu na Nok da tsofaffin takardun Larabci da idonmu.

Ya rasu cikin 1984, ya bar almajirai da yawa, cikinsu har da marigayi Dokta Yusufu Bala Usman mai tarihin Katsina. An tara maƙalunsa aka buga cikin 1987.

To, 'yan'uwa, gobe ku ne za ku tsaya gaban allo. Idan hadda kaɗai kuka ba yara, hadda za su ba nasu. In kun je hutu ku tambayi tsofaffin garinku, Birom ne ko Jarawa ko Hausawa, ku rubuta abin da suka faɗa. In akwai gafakar kakanku a zaure, ku buɗe ta tun gara ba ta riga ku ba.

Allah ya jiƙan Malam Abdullahi, ya sa ilminsa ya cece shi, amin.