John Bunyan: Mai Gyaran Tukwane Da Ya Sa Mutane Su Ga Bishara Da Idonsu

Yau za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda bai yi karatu mai zurfi ba, amma wa'azinsa yana da rai har yanzu.

An haifi John Bunyan a shekarar 1628 a ƙauyen Elstow, kusa da garin Bedford a Ingila. Mahaifinsa mai gyaran tukwanen ƙarfe da butoci ne, shi ma sana'ar da ya gada ke nan. Ya yi aikin soja lokacin yaƙin basasar ƙasarsu, ya dawo gida ya yi aure. Daga nan ya shiga shekaru na damuwa, zunubinsa ya yi masa nauyi, yana shakkar ko zai sami ceto. Ta wurin karatun Littafi Mai Tsarki da taimakon Fasto John Gifford na ikkilisiyar Bedford ya sami salama cikin Almasihu.

Ba da daɗewa ba ya fara wa'azi a ƙauyuka. Talakawa suka riƙa taruwa, gama yana magana da harshensu, kuma abin da ya ɗanɗana yake faɗi.

A watan Nuwamba 1660 aka kama shi domin yana wa'azi ba da izinin hukuma ba. Da ya yarda ya daina, da an sake shi. Ya ƙi. Ya bar matarsa Alisabatu da 'ya'ya huɗu, babbarsu Maryamu makauniya ce, kuma rabuwa da ita ya fi kome yi masa zafi. Shekara 12 ya yi a kurkukun Bedford, yana yin igiyar takalmi ana sayarwa domin iyalinsa su ci abinci, yana kuma rubutu.

An sake shi a 1672, ya zama faston ikkilisiyar Bedford. A 1678 aka buga littafinsa The Pilgrim's Progress, labarin tafiyar mai bi zuwa birnin sama. A ciki, zunubi kaya ne mai nauyi a bayan mutum, wanda ya faɗi da kansa a gindin gicciye. Fid da zuciya tabo ne mai kama ƙafa. Duniya kasuwa ce inda ake sayar da kayan banza. Shakka kurkuku ce, alkawarin Allah kuwa mabuɗinta. Mutuwa kogi ne marar gada. Manomi da ɗan kasuwa duka sun gane, domin sun san kaya, sun san tabo, sun san kogi. An juya littafin zuwa harsuna fiye da 200.

Bunyan bai yi wannan don nishaɗi ba. Hanyar Ubangijinmu ya bi, shi da ya koyar da misalin mai shuka da na ɓatacciyar tunkiya.

A 1688 ya hau doki zuwa garin Reading domin ya sulhunta wani uba da ɗansa. A hanyar Landan ruwan sama ya yi masa duka, zazzaɓi ya kama shi, ya rasu ranar 31 ga Agusta.

Fastoci da masu bishara, me jama'arku suke gani idan kun buɗe baki? Rijiya, rumbu da gona suna ƙofar gidanku. Amma sai maganar ta fara ratsa zuciyar mai wa'azi kafin ta ratsa ta mai ji. Ubangiji ya rayar da wa'azinmu. Amin.