Tarihin Begum Rokeya, marubuciyar Mafarkin Sultana

A shekarar 1905, wata mujallar mata da ake bugawa a birnin Madras na ƙasar Indiya ta wallafa wani gajeren labari game da wata ƙasa da mata ke mulki, maza kuma ke zaman kulle.

Wadda ta rubuta labarin, Rokeya Sakhawat Hossain, wadda aka fi sani da Begum Rokeya, Musulma ce da ta tashi cikin kulle, kuma ba ta taɓa shiga aji ba.

An haife ta a shekarar 1880 a ƙauyen Pairaband da ke yankin Rangpur, wanda a yanzu ke cikin ƙasar Bangladesh.

Mahaifinta mai arzikin filaye ne. Ya tura 'ya'yansa maza makaranta a Kalkata, amma bai yarda matan su koyi Turanci ko harshen Bengali ba.

Yayanta Ibrahim Saber ne ya riƙa koya mata karatu a asirce da daddare, bayan mutanen gida sun yi barci.

A shekarun 1890 aka ɗaura mata aure da Sakhawat Hossain, wani mataimakin majistare a garin Bhagalpur, wanda ya ƙarfafa mata gwiwa ta riƙa rubutu.

Ƙasar mata

Ta rubuta labarin Sultana's Dream, wato Mafarkin Sultana, da Turanci a lokacin da mijin nata ya yi tafiyar aiki.

A cikin labarin, barci ya kwashe Sultana a kan kujera, sai ta tsinci kanta tana yawo a titi da rana tsaka tare da wata mata mai suna Sara, tana ta jin kunya, har ta lura babu namiji ko ɗaya a waje.

Sarauniyar ƙasar ta wajabta karatu a kan kowace yarinya, ta hana aure kafin shekara 21, an kuma kafa jami'o'in mata guda biyu.

Ɗaya ta ƙirƙiro hanyar tatso ruwa daga gajimare, ɗayar kuma ta gano yadda ake tara zafin rana a adana shi. Maza suka mai da abin na dariya.

Daga nan sai yaƙi ya ɓarke, saboda sarauniyar ta ƙi miƙa wasu mutane da suka nemi mafaka a ƙasarta ga wani sarki maƙwabci.

Bayan da aka ci ƙarfin sojoji maza, matan suka sa sharaɗin cewa mazan su shige cikin gida, sannan ɗaliban jami'a suka haska wa abokan gaba zafin ranar da suka tara har suka tsere.

Ke nan ilmi Rokeya ta bai wa matan labarinta a matsayin makami. Ana lissafa labarin cikin ƙagaggun labaran kimiyya na farko da mata suka rubuta.

A littafinta Padmarag na 1924 kuwa, tauraruwar mai suna Siddika ta ƙi komawa rayuwar aure, ta zaɓi yi wa mata 'yan uwanta hidima.

Makarantar 'yan mata

Mijinta ya rasu a 1909, ya bar mata kuɗi domin ilmin mata. A wannan shekara ta buɗe makaranta a Bhagalpur da ɗalibai biyar.

Saɓani da dangin mijin ya tilasta mata barin garin, kuma a 1911 ta sake buɗe makarantar a Kalkata da ɗalibai takwas, ta sa mata sunan marigayin.

Ta riƙa bi gida-gida tana lallashin iyaye, ta kuma samar da abin hawa mai labule da zai riƙa ɗauko 'yan matan ba tare da an gan su ba.

Ita kanta ba ta daina rufe jikinta ba. Abin da ta yi adawa da shi shi ne kullen da ke hana mace ilmi, kuma ta sha suka mai zafi daga masu ra'ayin riƙau.

A 1916 ta kafa ƙungiyar mata Musulmi ta Anjuman-e-Khawateen-e-Islam. A 1931 ta wallafa Abarodhbasini, tarin labarai kan wahalhalun da tsananin kulle ke jefa mata a ciki.

Ta rasu a Kalkata ranar 9 ga watan Disamban 1932.

A 2004, masu sauraron sashen Bengali na BBC sun zaɓe ta a matsayi na shida cikin fitattun 'yan Bengal a tarihi, kuma a 2008 aka kafa jami'ar da ke ɗauke da sunanta a Rangpur.

A kowace ranar 9 ga watan Disamba, Bangladesh na bikin tunawa da ita, inda gwamnati ke karrama matan da suka yi fice da lambar yabo mai sunanta.