Galileo Galilei (1564-1642): Masanin da Ya Auna Faɗuwar Abubuwa

An haifi Galileo Galilei a birnin Pisa na ƙasar Italiya a shekarar 1564. Ya shiga jami'ar garin domin karatun likitanci, amma lissafi ya rinjaye shi, har ya koyar da shi a Pisa daga 1589, sannan a Padua daga 1592 zuwa 1610.

A zamaninsa, malamai sun yi riƙo da ra'ayin Aristotle cewa saurin faɗuwar abu gwargwadon nauyinsa ne. Galileo bai yarda da hakan ba sai da gwaji. Da yake faɗuwa tana da sauri, kuma babu agogon da zai iya auna ta, sai ya riƙa sakin ƙwallon tagulla a kan katako mai gangara, yana ƙididdige lokaci da nauyin ruwan da ya tsiyaya daga mazubi. Ya gano cewa idan lokaci ya ninka sau biyu, tazarar da ƙwallon ya ci takan ninka sau huɗu. Idan sau uku, sau tara. Ya kuma bayyana cewa ba domin turjiyar iska ba, da dalma da ulu tare za su sauka.

A 1633 kotun Cocin Katolika ta hukunta shi saboda goyon bayan cewa duniya ce ke kewaya rana, aka yi masa ɗaurin talala. A cikin ɗaurin ya kammala littafinsa kan motsi, wanda aka buga a Leiden ta ƙasar Holan a 1638. Ya tsara shi a sigar tattaunawa cikin Italiyanci, harshen jama'arsa, alhali Latin ne harshen ilimi a Turai. Ya rasu makaho a Arcetri a 1642.