Claiborne Jackson, gwamnan da ya ɓalle ya bar jiharsa a baya

Taurari 13 ne a tutar yaƙin 'yan awaren kudancin Amurka, alhali jihohi 11 ne kawai suka ɓalle ba tare da jayayya ba. Ragowar taurari biyun na Kentucky ne da Missouri, kuma na Missouri aikin Claiborne Fox Jackson ne.

An haife shi a Kentucky a 1806, ya ƙaura Missouri yana matashi, ya mallaki bayi, ya auri 'ya'yan likita John Sappington mata uku ɗaya bayan ɗaya. A zaɓen 1860 ya nemi kujerar gwamna da rigar mai son haɗin kan ƙasa, ya ci. Bai daɗe da rantsuwa ba ya nuna inda zuciyarsa take.

Babban taron wakilan jihar da aka kira domin duba batun ɓallewa ya yi watsi da shi a Maris 1861. Jackson bai haƙura ba. Ya ƙi bai wa Shugaba Lincoln sojojin da ya nema, sannan ya roƙi Jefferson Davis manyan bindigogi a asirce. Ranar 10 ga Mayu, Kyaftin Nathaniel Lyon ya kewaye sansanin dakarun jihar a St. Louis, aka zubar da jinin fararen hula. Kafin watan Yuni ya ƙare, gwamna ya tsere daga Jefferson City.

Daga nan Missouri ta zama mai gwamna biyu. Taron wakilan ya tsige Jackson a Yuli, ya naɗa Hamilton Gamble, ko da yake ba don tsige gwamna aka zaɓi wakilan ba. Shi kuwa Jackson ya tara 'yan majalisar da suka bi shi a garin Neosho, suka zartar da dokar ɓallewa a ƙarshen Oktoba. Har yau masana tarihi na gardama kan ko adadinsu ya kai a yi zama. Gwamnatin 'yan aware ba ta tsaya bincike ba, ta karɓi Missouri ranar 28 ga Nuwamba, ta ba ta kujeru a majalisarta da ke Richmond.

Kujerun ba su da ƙasa a ƙarƙashinsu. Bayan kashin da aka ba 'yan aware a Pea Ridge a Maris 1862, jihar ta tabbata a hannun tarayya, kuma 'ya'yanta da suka yi wa tarayya yaƙi sun ninka na kudu fiye da sau biyu. Ciwon dajin ciki ya kashe Jackson a Arkansas a Disamba 1862. Mataimakinsa Thomas Reynolds ya gaji muƙamin, daga baya ya kafa hedikwatarsa a Marshall, can jihar Texas.